Formate ba gyara ba ne

Jama'a, yau sai mun faɗa ma masu gyaran kwamfuta gaskiya. Mu kai musu tsohuwar na'ura ta ƙi buɗe Windows, ko murfi ba su kwance ba sai mu ji: "Alhaji, sai an formate." A share komai, kuma mu biya. Mamuwar ɗin da ɗalibi ya shekara yana rubutawa, lissafin bashin kanti, hotunan iyayenmu da suka rasu, duk sun tafi.

Alhali sau da yawa ciwon bai kai nan ba. Ƙurar hunturu ce ta kwanta kan RAM, a zare a goge a mayar. Ko ɗan pil ɗin nan CR2032 mai kama da kwabo ya mutu, BIOS ta manta saitinta. Ko da Windows ɗin ce ta lalace, ai ana tada na'ura da Linux daga kile USB, a kwashe takardun mutum tukuna. Sun san haka sarai, garaje ne kawai.

Mu ma da namu, kullum "yi mini yanzu-yanzu". To, kafin mu miƙa, mu tambaya: "Ina za ka aje mini takarduna?" In ya fara kame-kame, mu ɗauki kayanmu.