Layin Sauri a Filin Jirgi: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana abin hawa a tudu da ruwa da sararin samaniya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya taɓa sauka daga jirgi bayan doguwar tafiya, ƙafafu sun kumbura, ga salla tana jiransa, sannan ya tarar da layin jami'an shige da fice ya miƙe har ya lanƙwasa, ya san ɗacin wannan tsayuwa. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka fito da tsarin tantance matafiyi tun kafin ranar tafiya, domin idan ya sauka ya wuce cikin 'yan mintoci. Tambayata a yau ita ce: shin wannan sauƙi ya cancanci abin da ake bayarwa a kansa?

Da farko dai, neman sauƙi a tafiya ba aibi ba ne. Shari'armu da kanta ta san wahalar matafiyi, shi ya sa ta ba shi kasaru, da haɗa salloli, da ajiye azumi ya rama daga baya. Haka nan akwai bambanci mai girma tsakanin kuɗin da hukuma ta yanka a fili, kowa ya san adadinsa, ana ba da rasit, da kuma "na goro" da ake cusa wa jami'i a cikin fasfo don ya tsallakar da mutum gaban waɗanda suka riga shi. Na farko ciniki ne, na biyu rashawa ce, kuma zalunci ne ga masu tsayuwa a layi, komai sunan da aka laƙaba masa.

Mu ɗauki misalin da ya fi shahara, wato Global Entry na ƙasar Amurka, wanda hukumar kwastam da tsaron iyakokinta ta fara a shekarar 2008. Mai nema zai cike bayanansa ta intanet, a binciki tarihinsa, ya zauna gaban jami'i a yi masa tambayoyi, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Kuɗinsa dala 120 ne tun watan Oktoba na 2024, bayan a da yana dala 100, kuma yana aiki na shekara 5. Idan an ƙi mutum, ba a mayar masa da kuɗinsa. Wanda aka karɓa kuwa, da ya sauka sai ya nufi na'ura ta dubi fuskarsa, ya wuce. Ana karɓar 'yan ƙasar, da masu takardar zaman dindindin, da 'yan wasu ƙasashe ƙalilan irin su Birtaniya da Jamus da Indiya da Katar. Fasfon Nijeriya ko na Nijar shi kaɗai ba ya buɗe wannan ƙofa, saboda haka maganar ta fi shafar 'yan'uwanmu mazauna can.

To, lissafin a bayyane yake. Wanda yake shiga ƙasar sau biyu a shekara, ya shiga sau 10 ke nan a shekara 5, kowace shiga ta tsaya masa a dala 12. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke tsoron kada jirgi na biyu ya tashi ya bar shi yana layi, wannan araha ce. Amma ɗalibin da ba ya zuwa gida sai sau ɗaya a shekara uku, a ganina asara ce, musamman da yake hukumar tana da wata manhajar waya ta kyauta mai suna Mobile Passport Control, wadda take rage wa masu takardar zama da 'yan ƙasa tsayuwa ba tare da sun biya ko sisi ba.

Sai dai kuɗi ba shi ne kaɗai farashin ba. Wannan matsayi alfarma ce, hukuma kuma tana iya janye ta duk lokacin da ta ga dama. A shekarar 2018 an ci wata mata tarar dala 500, aka kuma soke mata rajista, saboda tuffa guda da aka ba ta a cikin jirgi ta sa a jaka ba ta bayyana ba. Mai dawowa daga gida da ƙunshin kilishin da Hajiya ta cusa masa a akwati ya yi hattara, domin dokar shigo da nama ma tana da tsanani. A 2017 ma, bayan dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka, kafofin labarai sun ruwaito koken wasu Musulmi cewa an soke musu rajista ba tare da gamsasshen bayani ba, kodayake hukumar ta musanta cewa addini ne dalili. Wanda zai shiga ya shiga da saninsa.

Wasu za su ce babbar illar ita ce miƙa fuska da yatsu ga wata gwamnati. Damuwa ce mai tushe, amma gaskiya bakin alƙalami ya riga ya bushe: Amurka tana ɗaukar yatsun baƙi masu biza tun 2004, Tarayyar Turai kuma ta fara nata tsarin ɗaukar fuska da yatsu a watan Oktoba na 2025. Mai sauri da mai jira duk sun bayar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsarin da ake saya da kuɗi yakan ɗauke mai ƙarfi daga layi, ya bar tsohuwa da mai goyo, waɗanda su ne suka fi buƙatar sauƙin. A nan ne nake ganin shirin Hanyar Makka na Saudiyya ya fi kama hankali. An gwada shi da alhazan Malesiya a 2017, daga baya Indonesiya da Pakistan da Bangladesh da Maroko da Turkiyya da Kodebuwa suka shiga. Jami'an Saudiyya ne suke zuwa filin jirgin ƙasar alhaji, su duba fasfo da biza da sharuɗɗan lafiya tun kafin tashi, a yi wa kaya alama. Da an sauka Jidda ko Madina sai a zarce mota, kaya su iske mutum a masauki. Duk wanda ke cikin jirgin, attajiri da manomi, hanya ɗaya suke bi. Har zuwa Hajjin 2025, Nijeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashe 8 da ke cin gajiyarsa, alhali alhazanmu da yawa dattawa ne da ba su taɓa hawa jirgi ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mu riƙa tambayar hukumomin alhazanmu a kai, cikin ladabi da naci.

Saboda haka shawarata ga matasa ita ce: idan tafiyarka tana da yawa kuma ka cancanta, ka yi rajista, ka kiyaye dokokinsu, domin alkawari ne ka ɗauka. Idan kuwa jefi-jefi kake tafiya, riƙe kuɗinka, ka yi alwala tun kafin sauka, ka cika tsayuwarka da zikiri. Idan kuma Allah Ya sa ka wuce da wuri, kada ka dubi na baya da ido na raini, wataƙila a cikinsu akwai wanda ya fi ka kusanci ga Ubangiji.

Allah Ya sauƙaƙa mana tafiye-tafiyenmu, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya. Wallahu a'alam.