Jak ɗin da ya dace da motar haya

Motocin Hiace da ke jigila tsakanin Madekali, Malanville da Kandi galibi na hannu ne, kuma sau da yawa jak ɗin da ake tararwa cikinsu na ƙaramar mota ne.

Maigida ya duba carte grise, inda aka rubuta PTAC: shi ne iyakar nauyin motar haɗe da lodinta. Hiace cike da fasinjoji da buhunan shinkafa takan kai wajen tan 3. Hakika kusurwa guda jak yake ɗagawa, amma a ganina kada a sayi wanda ya gaza tan 3, kuma a zaɓi na mai, mai siffar kwalba. Ya fi na almakashi juriya.

Tsawo ne mutane ke mantawa. Taya idan ta sace, mota takan yi ƙasa, dogon jak ya kasa shiga. A auna shi tun a gida.

Ƙasar bakin kogi tana da taushi, musamman da damina, don haka a aza jak bisa katako mai kauri. Fasinjoji su sauka, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu. Kada yaron mota ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.