Kan Sarki Ya Nuna Ƙasa, Hatimi Ya Nuna Hanya

Da yawa daga cikin masu tara kan sarki, da sun sami tsohuwar wasiƙa sai su ɓamɓare kan sarkin su jefar da ambulan. Wannan kuwa ɓarna ce, domin labarin tafiyar wasiƙa a jikin ambulan yake.

A ɗauki wasiƙar da aka jefa a gidan waya na Kano cikin 1936 za ta London. Kan sarkinta yana ɗauke da hoton Sarki George na Biyar, alhali ya rasu tun watan Janairu na wannan shekara. Magajinsa, Edward na Takwas, bai taɓa hawa kan sarkin Nijeriya ba, ko da yake an buga sunansa a kwabo da anini masu huji. Ashe hoto ba ya faɗin lokaci; hatimin Kano mai kwanan wata shi ne shaida.

Sai a duba ko akwai shuɗiyar alamar jirgin sama. In babu, to, wasiƙar ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa na Elder Dempster ya ɗauke ta, tafiyar wajen mako uku. In kuwa akwai, ta yi gabas ke nan, domin cikin watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya haɗa Kano da Hartum, ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yau, da Al-Fashir. Daga Hartum ta gangara Alƙahira da Iskandariya, ta ƙetare Bahar Rum zuwa Brindisi ta ƙasar Italiya. Nan fa wasiƙar da aka biya wa kuɗin sama takan koma jirgin ƙasa har Paris, kana ta sake tashi zuwa London. Duk da haka kamar mako guda ya ishe ta.

Amma kada mai karatu ya sa ran ganin sunayen garuruwan nan duka a bayan ambulan. Ana buga hatimi ne inda aka kwance jaka. Jakar da aka ɗaure a Kano da sunan London takan wuce zango bayan zango ba a taɓa ta ba. Wasiƙar rajista ce ta fi yawan hatimai, saboda duk ma'aikacin da ta shiga hannunsa dole ya bar shaidar ya karɓa, in ta ɓace a san wanda za a tuhuma.