Masara da Dankali Ba Abin Marmari Ba Ne

Ya ku manoma, da ku dagatai da masu unguwa! Da yawa cikinku in an ce abinci, gero da dawa kaɗai kuke nufi. Masara kuwa sai a gasa wa yara goyo biyu a bakin gona, dankali kuma a bar wa 'yan talla. Ni dai a ganina wannan kuskure ne babba. Kun san watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, dawa ba ta ko fid da kai ba. A lokacin nan masarar bayan gida ta nuna. Ita ce ke riƙe gida har kaka, muddin an san dahuwarta.

Asalin masara daga ƙasar Meksiko take. Mutanen can tun kakanninsu sukan tafasa tsabarta cikin ruwan toka, su wanke sarai, sa'an nan su niƙa. Da aka kai ta Italiya da kudancin Amurka ba tare da wannan dabara ba, talakawan da suka dogara gare ta kaɗai suka kamu da wata cuta: fata ta yi ta tsagewa inda rana ke bugu, ga gudawa, daga baya hankali ya gushe. Sai a 1937 masana suka gane abin da jikinsu ya rasa. Yana nan cikin masarar, amma a ɗaure, ruwan toka ne ke kwance shi. Saboda haka ku sa a gwada wannan a gidajenku. In kuwa ba a yi ba, kada a ci tuwon masara kullum da miya tsura. A haɗa da wake, ko gyaɗa, ko nono.

Dankali kuma a wanke shi, a dafa da ɓawonsa cikin ruwa kaɗan, a rufe tukunya. Ko kuwa a binne shi cikin toka mai zafi ya nuna a hankali, ya fi zaƙi. Mai jan ciki ya fi fari amfani ga yara, in an ci da ɗan man gyaɗa yana tsare su daga dundumi. Ganyensa ma ana miya da shi. Da yake ba ya jimre ajiya, in ya yi yawa da kaka a yanyanka shi, a shanya ya bushe ƙarau, a adana domin damina.

Watakila wani zai ce maganar tukunya ta mata ce. To, amma in yaro ya rame, wa ake tambaya in ba maigida ba? Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyalinsa wannan takarda, dagaci kuma ya faɗa wa jama'arsa ran Juma'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.