Jan Kunne Ga Malamai Bisa Ciwon Laka Da Ake Ɗora Wa Iskoki

 Wagga takarda zuwa ga 'yan'uwana malamai da almajirai na ƙasar Gobir, tun daga Gatawa har Sabon Birni da Isa, bisa wata mas'ala wadda ni da kaina na yi kuskure cikinta, kuma ina tsoron waninku shi maimaita.

Ina da wani almajiri, shekararsa 25, ya sauke, har an sa ranar aurensa. Wani dare cikin ɗari muna gewaye da wutar karatu sai munka ji ƙauri, munka duba, ashe gefen hannunsa ne bisa garwashi, shi ko shina ta karatunsa bai sani ba. Na tambaye shi, ya ce ya daɗe in ya ɗauki tukunya da zafi sai dai shi ga bororo daga baya, kuma in ya yi tari ko atishawa sai ƙeyarsa ta sara. Na ce iska ce. Na yi masa rubutu, na ba shi turare, shekara biyu muna haka. Wanzami ya yi masa ƙaho da tsaga, tsagar ta zama gyambo, domin ba shi jin ta balle shi kiyaye ta. Daga nan naman tafin hannu ya zube, yatsu sunka lanƙwashe, mutane sunka ce kuturta ce, wani malami ya tabbatar da fatar baki. Iyayen yarinya sunka mai da kaya. Anka ware masa ƙwarya.

Kawunsa ne ya nace sai an kai shi Sakkwato, na bi su ina jin kunya. Likita ya duba fatarsa duka bai ga tabon kuturta ba. Ya shafa masa auduga, ya ji. Ya soka masa allura a wuri guda, bai ji zafi ba. Ya aza masa kwalba mai ruwan ɗumi da mai ruwan sanyi, ya kasa rarrabewa, tun daga kafaɗu har yatsu, daidai inda mayafi ke rufewa. Sa'an nan anka ɗauki hoto da na'ura mai maganaɗisu wadda suke ce wa MRI, domin hoton ƙashi da munka saba ba shi nuna wanga abu.

Ku sani, ya 'yan'uwa, laka ba baƙuwarku ba ce. Ita ce farar igiyar nan da mahauci ke zarowa daga cikin ƙashin baya, wadda munka karanta da sunan nuha'u a babin yanka, inda fukaha'u sunka lissafa tsinkewarta cikin makasan dabba guda biyar. Daga ƙwaƙwalwa ta sauko, ta cikinta saƙo ke tafiya zuwa gaɓoɓi shi komo. Allah ya sanya wani ruwa garai-garai shina gewaya ta da ƙwaƙwalwa. In hanyar ruwan ta toshe, sai shi taru a tsakiyar laka, shi yi rami mai tsawo kamar cikin sarewa, shina faɗaɗa sannu-sannu cikin shekaru. Wani likita na Faransa, Olibiye, shi ya raɗa wa ciwon suna siringomiyeliya a 1827, daga kalmomin Yunananci biyu, sarewa da laka. Jijiyoyin da ke ɗauke da jin zafi da jin ɗumi ta tsakiyar nan suke ƙetarawa, don haka su ke fara mutuwa, jin taɓawa kuwa shi saura, domin hanyarsa dabam take. Abin da na kira aikin iska ke nan, mutum shi ji tafiyar ƙuda bisa hannunsa amma bai jin wuta.

Toshewar tana zuwa ta hanya fiye da ɗaya. Mafi yawa halitta ce, gindin ƙwaƙwalwa ke ɗan saukowa cikin ƙofar da laka ke fita daga ƙoƙon kai, irin na almajirina ke nan. Wani kuwa faɗuwa ce daga itace ko daga babur, ramin shi bayyana bayan watanni ko shekaru, an ma manta da faɗuwar. Wani tabon sanƙarau ne ko na tarin fuka, kuma ƙasarmu ta sha sanƙarau, na 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, ya kuma komo Zamfara da Sakkwato a 2017. Wani kuma ƙari ne ya tsiro cikin laka.

In wani ya ce, to malam, kana musun aljannu da sihiri ne? Sai in ce ban musa ba. Abin da nake musu shi ne in yanke hukunci bisa jikin Musulmi da abin da ban gani ba, ba ni kuwa da hujja sai don na rasa wata amsa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya ce bai sani ba cikin 32. Mu da muke bin mazhabarsa, yaushe rabon da a ji wagga kalma a zaurenmu? Mun mai da ita abin kunya, tsoron kada mai ciwo shi ɗauki sadakarsa shi kai wa wani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mulkinsa da iliminsa, ya zauna ya wallafa littattafai bisa ciwon ido da basur, shina neman sababi da magani. Addu'a ba ta hana bincike, ni ma ban bar yi wa yaron addu'a ba har yau. Amma shekara biyun da na riƙe shi, cikinsu hannun ya shanye.

Maganar kuturta ta fi nauyi, domin tana cikin aibobin da shari'a ta ba da zaɓin raba aure saboda su. Malamin da ya furta ta ba da sani ba ya taɓa auren mutum da abincinsa da zamansa cikin jama'a. Ita kuturta tana da alamunta, tabo mai haske ko ja a fata wanda ba shi da ji, da kaurin jijiya, kuma akwai masu gane ta, kamar a Amanawa kusa da Sakkwato da Danja kusa da Maraɗi. Maganinta kyauta ne, wata 6 ko wata 12.

Kada kuma ku ɗauka duk mai mutuwar hannu ko ƙafa rami ne cikin lakarsa. Wanga ciwo ba shi da yawa. Ciwon suga da kuturta da tarin fuka na ƙashin baya mai kawo doro duk sun fi shi yawa a wurinmu, kowane da maganinsa, kuma babu ɗaya da ake ganewa daga kan buzu. Wanda ya zo muku da ƙuna ba zafi, ko hannu shina ramewa, ko ƙafafu sun yi nauyi suna sandarewa, ko fitsari shina kuɓuce masa, ku yi masa addu'a ku tura shi a makon nan. Ku hana tsaga da sakiya bisa gaɓar da ba ta ji.

Na san abin da za ku ce, hanya da kuɗi. Gaskiya ne. A hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni anka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024, ya rasu a hannun 'yan bindiga, Allah shi jiƙansa. Wanda ya ji tsoron hanyar nan ban ga laifinsa ba. Amma wurin zuwa akwai shi, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shina da cibiyar aikin ƙwaƙwalwa da laka. Hoton da tsada, aikin ya fi. Ra'ayina, kuɗin ragon da ake cewa a yanka wa mai ciwo, da abin da ake ba mu na rubutu wata da watanni, a tara su a hannun amintacce a kowane masallacin Juma'a, a riƙa kai irin waɗanga mutane, a haɗa su da ayarin da ke tafiya da rana.

Almajirina an yi masa aiki, anka buɗe ƙashin ƙeya kaɗan domin ruwa shi sami hanya. Tun da fari likita ya gaya mana aikin tsai da ciwo yake, abin da ya riga ya mutu ba lalle shi komo ba. Haka kuwa anka yi. Saran ƙeya ya bari, ƙafafunsa sun tsira, shina tafiya da kansa, amma hannun dama bai riƙe alƙalami. Yarinyar ta auri wani. Yanzu da hadda yake karantar da yara, ƙanensa ke taɓa masa ruwan alwala kafin shi sa hannu, kuma na mai da wurin zamansa baya, nesa da wuta.