Ɗigo Ɗaya Yana Iya Cin Haƙƙin Uwa

Akwai wani karatu da ake yi wa yara a ƙananan makarantun sakandare, watau lissafin ɗigo, da zanen da'ira wadda ake yanyankawa kamar ƙwai da ƙwai don a nuna rabon kowa. Waɗansu malaman allo suna ganin wannan harkar 'yan boko ce, babu ruwansu. To, da ruwansu ƙwarai.

Da farko dai lissafin ɗigo ba baƙo ba ne a gidan malamai. Uƙlidisi ya yi aiki da shi cikin littafinsa a Dimashƙa wajen shekarar 952 ta Miladiyya, Alkashi kuma ya shimfiɗa shi sosai cikin Miftahul Hisabi a Samarƙandi a 1427. Zanen da'irar ne ya zo daga Turai, wani mutumin Sikotilan, William Playfair, ya buga shi a 1801. Fatake kuwa tun 1 ga Janairun 1973, ran da aka bar fam da sule aka koma naira mai kwabo 100, suke cikin lissafin ɗigo, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ga inda haɗarin yake. Zakkar dukiyar ciniki rubu'ul ushuri ce, ɗaya cikin 40, a ɗigo 0.025. Falken da ya ƙiyasta jarinsa naira 4,000,000 zai fitar da 100,000. In yaron da ke danna masa waya ya manta sifili guda ya buga 0.25, sai ta nuna 1,000,000. Wannan kuskure da sauƙi, don girmansa zai tona shi.

Mai wuyar ganewa yana wajen gado. Nisfi 0.5 ne, rubu'i 0.25, sumuni 0.125, duk sun tsaya cak. Amma sulusi da sudusi ba su da ƙarshe a ɗigo, ko za a kwana ana rubutu: sudusi 0.1666 ne har illa masha Allahu. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, dukiya naira 2,400,000 bayan biyan bashi da wasiyya. Malamin fara'ili zai ce asalin mas'ala 24, mata sumuni, kashi 3, uwa sudusi, kashi 4, ɗa ya kwashe 17 da suka rage. Rabon uwa 400,000 ke nan. Amma yaron da aka koya wa yanke lamba a gurbi biyu, in ya sa 0.16, uwa ta samu 384,000, an ci mata 16,000, kuma lissafin a ido sumul, ba wanda zai ɗaga murya. In ya sa 0.17, maraya ne ya yi hasarar 8,000.

A nan da'irar ta fi ɗigo amana. Daraja 360 gare ta, kuma dukan farillan nan suna shiga cikinta ba saura: sulusi 120, rubu'i 90, sudusi 60, sumuni 45. A zana ta a kan faifai ko a ƙasa, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta ga yankinta ya ɗara na surukarta da idonta.

Saboda haka ya kamata malamin boko ya rage misalan da yaro bai taɓa gani ba, ya ɗauko buhun albasar Aliero da cinikin kasuwar Jega, ya kuma gaya wa yara sarai inda ɗigo yake gazawa. Malamin zaure shi ma kada ya ji nauyin kiran almajirinsa mai zuwa boko, ya ce ya zana masa mas'alar 24 a bayan allo, kowane kashi daraja 15, sa'an nan a gwada da abin da waya ta nuna kafin a miƙa wa magada ko kwabo.