Ƙyallin lu'u-lu'u: Mai saye na da haƙƙin sanin abin da ya biya wa kuɗi

A shekarar 1886 kamfanin Tiffany na birnin New York ya fito da wani zobe da ya sauya yadda ake ɗaura lu'u-lu'u. Kafin lokacin, maƙera sun fi sabawa da nutsar da dutsen cikin ƙarfe, fuskarsa kaɗai ake gani. A sabon zoben kuwa, 'yan farata shida ne suka ɗaga dutsen sama, suka bar gefensa da gindinsa a fili. Tun daga nan ake ta gasar ƙirƙiro mazaunin da zai ƙara wa dutse ƙyalli.

Sai dai asalin ƙyallin daga yankan dutsen yake fitowa. A 1919 Marcel Tolkowsky, wanda ya fito daga gidan masu yankan lu'u-lu'u na Antwerp a Beljiyam, ya lissafa kusurwoyin da suka fi dacewa da dutse mai siffar da'ira, irin mai fuskoki 57 ko 58. Idan yankan ya yi daidai, haske zai shiga ta sama, ya yi ta karo da bangon ciki, ya dawo wa ido ta saman. Idan an yanka shi da zurfi fiye da kima, ko an baje shi, hasken sai ya zurare ta ƙasa. Babu faratan da za su gyara wannan aibi.

Abin da mazauni ke iya yi shi ne ya yi wa ido dabara, kuma maƙera sun ƙware a kai. Akwai salon da ake kewaye dutsen tsakiya da ƙananan duwatsu, wanda daga nesa sai a ɗauka dutse ɗaya ne babba. Akwai wanda ake dasa ɗan ƙaramin dutse a tsakiyar farantin ƙarfe da aka sassaƙa aka goge, har ba a gane inda dutse ya ƙare ƙarfe ya fara. Wasu kuma su haɗa ƙananan duwatsu da dama a matse, su ba da siffar guda ɗaya. Farin gwal ma galibi shafa masa wani ƙarfe mai suna rodiyam ake yi don ya ƙara haske, kuma shafen yana gogewa da amfani. A ƙara da fitilun shago, waɗanda aka jera su takanas don kowane dutse ya riƙa walƙiya.

Wannan duk sana'a ce, kuma ba laifi ba ne mai ƙaramin ƙarfi ya samu zoben da ke cika ido. Laifin yana farawa ne inda mai sayarwa ya yi shiru. Karat ɗaya na lu'u-lu'u kashi ɗaya cikin biyar na giram ne, kuma ba shi da alaƙa da karat 18 ko 21 da ake auna ingancin gwal da shi. Dutse guda mai karat ɗaya ya ninka tarin ƙanana masu jimillar karat ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Don haka idan aka ce wa mace “zoben karat ɗaya ne” ba tare da an bayyana cewa jimillar duwatsu masu yawa ake nufi ba, an faɗa mata rabin gaskiya ne.

Batun ya shafi gidaje da dama a ƙasar Hausa, inda gwal ado ne kuma asusu ne. Mata kan sayo shi a Dubai ko Saudiyya, ko su same shi a lefe, da niyyar ranar da buƙata ta taso a kai kasuwa. A ranar ce ake ganin bambanci: mai saye zai ɗora a sikeli, ya cire nauyin duwatsu, ya biya kuɗin gwal. Ƙananan duwatsun da suka ɗaga farashi a shago ba kasafai suke dawo da abin kirki ba. Su ne kuma suka fi saurin zubewa, yayin da dogayen farata ke kama mayafi da leshi.

Ga kuma lu'u-lu'un da ake haɗawa a masana'anta, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na ma'adini, ido ba ya rarrabe su, amma farashinsa ya faɗi ƙwarai a 'yan shekarun nan. A Amurka, hukumar kasuwanci ta FTC ta wajabta wa masu sayarwa su bayyana irin wannan dutse a fili.

Ya kamata hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta bi wannan sawu, musamman yanzu da cinikin kayan ado ya koma Instagram da WhatsApp, inda bidiyo mai walƙiya ne kaɗai shaida. Rasit ya nuna nauyin gwal daban, nauyin dutsen tsakiya daban, sannan a rubuta ko na ma'adini ne ko na masana'anta. Babban dutse kuwa ya zo da takardar cibiyar gwaji irin GIA, mai ɗauke da lambar da za a iya bincikawa a intanet kafin a tura kuɗi.